Injin Wiebe

Shekara talatin ke nan da Gosse Dijkema ya sayi tsohon injin niƙan da ke bakin madatsar ruwa, mai fukafukai da iska ke juyawa, amma har yau mutanen ƙauye "injin Wiebe" suke ce masa. Wannan suna shi ke ci wa Gosse tuwo a ƙwarya.

Wiebe shi ne maniƙin da ya ba da shaida a kan Gosse a rigimar iyakar gona, aka yi wa Gosse dariya a kotu. Gosse ya riƙe abin a ransa. Ya jira har aka sa injin a kasuwa, ya saya, ya watsar da kayan Wiebe da na iyalinsa waje ana tsakiyar sanyi, ya ɗaure fukafukan da sarƙa. Tun daga ranar iska ba ta sake juya su ba.

Yanzu so yake ya rushe shi gaba ɗaya. Abin da ya rage kawai takardar hukumar adana kayan tarihi, mai cewa ginin ya ruɓe.

Hukumar ta turo wata mata mai gilashi, Madam Veenstra. Ba ta da yawan magana. Ta sunkuya ta wuce ƙarƙashin gungumen da ke fasa wa baƙi goshi, ta hau bene tana tsallake matakala ta bakwai. Gosse na biye da ita yana haki.

"Kin ga dai, Madam, gara ce kawai ke riƙe da shi."

"Wa ya riƙe shi a da?"

"Wani tsohon banza mai bakin tsiya. Na koya masa hankali." Ya kwashe labarin duka ya ba ta, har da yadda matar Wiebe ta durƙusa masa cikin ƙanƙara, yana faɗa yana dariya.

Matar ta daɗe tana shafa dutsen niƙan. Sannan ta rubuta abin da za ta rubuta, ta tafi.

Bayan wata biyu takarda ta iso. An sanya injin cikin kayan tarihin ƙasa. Ko ƙusa Gosse ba zai cire ba. Dole a gyara shi, a kwance sarƙar, a buɗe wa masu ziyara duk Asabar, kuma hukuma za ta zaunar da maniƙi a gidan da ke gindinsa.

Ran Asabar Gosse ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran ya ga wanda aka kawo masa. Motar Madam Veenstra ta tsaya. Ta zagaya ta buɗe ɗaya ƙofar, ta kama hannun wani tsoho tukuf mai sanda. Wiebe ne. Ko kallon Gosse ba ta yi ba.

"Sauko a hankali, Baba," ta ce wa mahaifinta. "Mun dawo gida."