Wayar Yaya Ephraim

Yau na fara wasan nan da ake danna waya kullum a tara kuɗin kirifto. Yaya Ephraim ne ya turo min shi kafin hatsarin hanyar Maiha. Ina buɗewa na ga sunansa cikin waɗanda suka danna yau.

Tun da muka binne shi ba mu ga wayarsa ba.

"Mama, ɓarawo na cin gumin Yaya!" Na faɗa ɗakinta ba sallama.

Wayar Yaya na kan cinyarta, yatsanta na dukan fasasshen gilashin.

"Ya ce in aka tsallake rana, komai zai goge, Tina," ta ce. "Ban iya karatu ba. Duba min, sunansa na nan?"