Hotunan Habibou

Hoton farko ya hau shafin ne babu ko kalma a ƙasansa. Kasuwar Mile 12 ce, ana sauke kwandunan tumatir daga tirela, can a gefe kuma ga wata mata da hijabi ruwan toka tana taya attaruhu. Safinatu ta yi dariya da ta gane kanta.

Ita ce editar shafin labarai na wata ƙungiyar 'yan arewa mazauna Agege. Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman shagon teloli, ma'aikatan kuma su biyu: ita mai rubutu, da Nazir mai kula da kwamfuta. Sauran duk baƙi ne masu aiko da aiki daga waje. Cikinsu akwai Habibou, mutumin Maraɗi, mai ɗaukar hoto a kasuwannin Legas. Ba ta taɓa ganinsa ba. Shugaban ƙungiya ne ya kawo sunansa, Nazir ya buɗe masa asusu. Bai iya rubutun boko ba, don haka hoto kawai yake ɗorawa, ita ta sa bayani. Da yake aikinsa na da kyau, an bar shi yana wallafawa kai tsaye.

Hoto na gaba, tana shiga motar haya ta danfo a Ketu. Wanda ya biyo baya, tana tsallaka titin jirgin ƙasa riƙe da hannun 'yarta Muhsina. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

A wayarta mai fasasshen gilashi take buɗe su, idonta kuwa hijabin kawai yake nema. Kullum tana samunsa: a gefe, dishi-dishi, cikin cunkoson jama'a. Mutumin da kan fito da ƙuda a kan tsokar nama, ita ya kasa ɗaukarta da kyau. Ta ce a ranta, mai laɓe hannunsa rawa yake.

Wata lamba ta fara kiranta, ta toshe. Wata rana da hantsi a bakin kasuwa wani dogo mai kyamara a wuya ya ɗaga mata hannu yana kira, "Madam! Madam, tsaya!" Ta faɗa kan okada ko ciniki ba ta yi ba, takalminta ɗaya ya zame a hanya, ba ta waiwaya ba.

Washegari ta shiga shafin ta rage masa matsayi. Daga yanzu duk abin da ya ɗora sai ya jira amincewarta kafin duniya ta gani. Ta zaci zai yi zuciya ya tafi. Sai ma ya ƙara ƙaimi, hotuna suka riƙa taruwa a layin jira, kullum sabo.

Ranar Juma'a da safe wani hoton ya shigo. Ta buɗe shi. Ta miƙa wa Nazir wayar.

"Innalillahi," ya ce. "Anti, ai ƙofar gidanku ce wannan. Ga ma tagar ɗakinki."

Mijinta yana Kano wajen saro albasa. Gidan daga ita sai yarinya.

"Rage matsayi ba zai yi ba," Nazir ya ce. "A cire masa izinin ɗora hoto gaba ɗaya, a goge duk abin da ya aiko. Ki ba ni lambar sirrinki in yi yanzu, don kada ki sake ganinsu."

"A'a, sai na kai wa 'yan sanda tukuna."

"Me za su yi miki? Su sa ki yi ta zirga-zirga. Ki bari ni in riƙa raka ki gida."

Ta ji daɗin maganar. Shi dai yaron nan ba ya gajiya da hidimarta, ko ranar da ya ce mata ba shi da lafiya sai ya kira ya ji ko ta isa gida.

Aka kira salla. Telolin ƙasa suka kashe kekuna, suka ja ƙofar shago suka nufi masallaci. Ginin ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Nazir ya ce yau ba zai bar ta ita kaɗai ba, zai yi tasa sallar daga baya. Ya tashi ya leƙa matattakala, wai ko dogon ya biyo ta.

Ta zauna a kujerarsa, gaban babbar kwamfutar da ba ta saba taɓawa ba. Ta nemo sunan Habibou, ta cire masa izinin ɗora hoto, ta cire na shiga shafin ma. Shi ke nan, ba shi da sauran hanyar isowa gare ta. Ta sauke ajiyar zuciya.

Saura ta kwashe hotunan a wayarta kafin a goge. Ta buɗe su jere a kan faffaɗan allo, karon farko da ta gan su da girmansu.

Ba ita ce a tsakiya ba. Ko a ɗaya. A Mile 12, a Ketu, a titin jirgi, kyamarar ta tsaya ne cak a kan wani mutum mai hular kwano irin ta 'yan okada da takunkumi, taku kaɗan a bayanta, idonsa a kanta. Shi ya fito tar, har zaren rigarsa ana gani.

Ta danna na ƙofar gidanta. Yana nan jingine da katanga, ya ja takunkumin zuwa haɓa yana shan ruwan leda. Ta ƙara girman fuskar.

A bayanta ta ji an murza makulli, mai fuskar ya zare shi ya jefa a aljihu, yana cewa, "Anti, ai na ce ki bari in goge."