Hannun Malam Jibril

Hannun Malam Jibril lafiyarsa lau muddin alli ya riƙe. Shekara huɗu yana koyarwa a elemantaren Bungudu, ba wanda ya taɓa ganin ya goge harafi a kan allo. Amma a miƙa masa alƙalami a ce jarrabawa ce, sai hannun ya kama rawa kamar an kaɗa masa kalangu.

Sau biyu yana zuwa Zariya zaman jarrabawar shiga jami'ar Badun. Karon farko ya rubuta sunansa da lambarsa, ya zauna yana kallonsu har aka ce lokaci ya cika. Karo na biyu ya tuntsurar da kwalbar tawada a kan takardarsa da ta maƙwabcinsa. A 1956 hedimasta, Malam Abdulsalami, ya gaya masa ofishin ilmi zai aika da sunansa sau ɗaya kuma, daga shi babu ƙari.

Innarsa Kulu ta ɗura masa rubutu ƙwarya-ƙwarya. Wani ya ce ya ɗaura laya a damtse, wani ya ce ya riƙa sassarfa zuwa Nahuce kowace safiya. Duk ya yi. Shi ya rame, hannun kuwa sai ƙara ƙwarewa yake a rawa.

Ƙanen Inna Kulu, Dogo, wanzami ne, irin wanda bai taɓa ce wa mai ciwon haƙori yau zai cire ba. Shi ke yi wa hedimasta aski duk Alhamis. Askin wannan makon ya daɗe, har aka tashi makaranta suna ƙarƙashin bishiyar bedi.

Kashegari hedimasta ya kira Jibril ya ce wasiƙa ta iso, jarrabawa a Zariya ne ranar Litinin, kwana goma masu zuwa. Wasiƙar dai ya manto ta a aljihun wata riga. Ya ƙara da cewa Baturen makarantu ya shirya gwaji a Gusau ranar Talata don masu zuwa su saba da ɗaki. Ba maki, ba mai dubawa, takardun ma mai talla zai ƙunshe gyaɗa da su.

Jibril ya ce ɓata lokaci ne, amma zai je. Ranar Talata Dogo ya rataya zabira ya ce shi ma Gusau ya nufa, kuma ba zai bar ɗan 'yar uwarsa ya shiga gaban Bature da suma ba. Ya yi askin nan a tsanake, ya wasa aska sau uku. Suka isa ana jan ƙofa.

Mutum huɗu ne a ɗakin. Bature ya ɗaga ambulan ya nuna musu, ya ɓalle jan danƙon da aka like ta da shi. Jibril ya ga har kwanan wata an buga a kan takardar, ya jinjina kai, ya ce a ransa Turawa ko wasa za su yi sai sun wahalar da kansu. Na kusa da shi yana ta zufa yana motsa baki. Jibril ya ji tausayinsa, don mutumin da ke haka a gwaji, ina ga ran gaskiya.

Ya amsa tambaya ta farko don ya gwada sabon bakin alƙalami. Ta biyu ta ba shi haushi, ya amsa ta da kyau don ya ƙure wanda ya rubuta ta. Sau biyu yana neman ƙarin takarda.

Da aka ba da hutu ya nufi mai zufar nan don ya kwantar masa da hankali, sai Dogo ya cafke hannun rigarsa, wai ana jiransu da fura a Damba. Da aka tashi da la'asar kuma ya ce mota za ta bar su. Ba su tsaya gaisawa da kowa ba.

Daga Laraba ciwon ya dawo. Ranar Asabar ko kunu ba ya zama a cikinsa. Ranar Lahadi Dogo ya ce zai raka shi, ya shiga tashar Gusau ya yanko tikiti biyu ya soke a hula.

Jirgi ya tashi, Jibril ya buɗe littafi, haruffa suka ƙi tsayawa. Ya danne hannun da cinya, cinyar ma ta kama. Da aka tsaya a Tsafe ya sauka ya yi amai a gindin wata tsamiya, ya zauna a nan. Jirgi ya yi kuka. Dogo ya sauko da akwatinsa da zabira, ya ajiye a gefensa, bai ce masa tashi ba.

Suna kallo jirgin ya ja, har hayaƙinsa ya ɓace bayan duwatsu.

"Kawu, shi ke nan," in ji Jibril. "Ka ce wa Inna ta yafe mini. Ka ce wa Malam Abdulsalami na gode."

Dogo ya ɓara goro, ya ba shi rabi. Ya ce shi dama iyakarsa nan, gobe akwai askin suna gidan abokinsa Sabiru, kuma an ce rago biyu za a yanka.

"Kawu, jarrabawata fa nake gaya maka."

"Wace jarrabawa kuma, Malam?" Dogo ya saɓa zabira. "Bana Gusau anka yi ta, ran Talata. Ɗauko akwatinka mu tai, kar tuwo ya huce."