Ɗan Gaban da Aka Kira Turke

Koci Tanimu, na ji ka ajiye Sallau a benci, wai shi ɗan gaba ne amma tun da aka buɗe kakar bana bai ci ƙwallo ba. Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Zauna ka ji misali, in na gama ka ba ni amsa.

A wata ƙasa mai tsananin sanyi ana buga ƙwallon gora a kan daskararriyar ƙanƙara. 'Yan wasan na sa takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar kaifin wuƙa, suna sulɓi a kai, suna korar wani ɗan faifan roba mai taurin dutse da sanduna. Ragarsu ƙarama ce, golan kuma an naɗe shi da sulke har ya kusa toshe ta, don haka duk bugun da ya gani da idonsa da wuya ya wuce shi. To, a wata ƙungiya akwai wani ɗan gaba mai faɗin ƙirji, aikinsa shi ne ya je ya dasa kansa a gaban golan abokan karawa ya tare masa gani. A nan 'yan baya ke dukansa a gadon baya da sanda, suna ture shi, faifan da abokansa suka bugo kuma sau da yawa a ƙwaurinsa yake sauka. Idan aka ci, sunan mai bugu ake kira a lasifika. Shi kuwa sai ya koma gida yana gasa kumburi. Da kaka ta fara, gwanin bugun ƙungiyar ya yi ta zuba ƙwallaye, shi ko ɗaya babu. Rannan a ɗakin canza kaya gwanin ya dube shi ya ce, "Turke, yau ma an sha tsayuwa? Ai ko kakata da sandarta za ta iya wannan." Kowa ya kwashe da dariya har da koci. Washegari kocin ya sauke shi, ya sa wani mai gudu kamar barewa.

Daga ranar nan golan abokan karawa ya riƙa ganin komai fes. Gwani ya buga ta sama, a cafke. Ya buga ta ƙasa, a tare da ƙafa. Mai gudun nan kuwa yana can gefe yana zagaye, ba wanda ya damu da shi. Wasa ya bi wasa ba ci, masu kallo suka fara yi musu ihu. Girman kai ya hana koci kiran wanda ya sauke, sai ya ce wa gwanin, "Tunda ka ce kakarka ma za ta iya, je ka tsaya." Ya je. Ɗan bayan farko da ya same shi ya kai shi ƙasa rigingine. Ya tashi ya gyara tsayuwa, yana ganin faifan ya taho kamar harsashi sai ya kauce, ya bar wa gola fili. Ya dawo benci dafe da haƙarƙari. Kafin su haɗiye kunya su nemi turken nasu, wata ƙungiya ta ɗauke shi. Ranar da suka haɗu, a gaban golansu ya tsaya, kuma ta bayansa aka ci su.

Sallau ɗalibina ne, kuma ban rasa wasa ɗaya a bana ba. Da idona na ga yana jan 'yan baya biyu a jikinsa, suna harbin ƙwaurinsa, lamba gomanka yana samun fili yana ci ana tafa masa. Tun da ka sauke shi, me lamba goman ya ci? Ba roƙo na zo yi ba. Ka mayar masa da rigarsa ranar Asabar, kuma ka miƙa masa ita a gaban mutanen da ka kunyata shi a gabansu. In kuwa har yanzu kana ganin aikin nasa ba aiki ba ne, ga takalma can a rataye, ƙafarka ma ba ciwo take ba. Hausawa sun riga sun yanke wannan shari'a: wanda ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara.