Alhaji Moro Ya Ce Ka Zo Kai Kaɗai

Fawaz bai kai ga yin sallama ba ƙofar gidan ta buɗe kanta. Babu iska, babu kowa a bayanta, amma ƙyauren ya ja baya a hankali yana wani dogon kuka.

Ya san wannan kukan, don sana'arsa ce. Shi ke shirya gajerun finafinan ban tsoro da samarin unguwar Nima suke tura wa juna a waya, kuma kullum yana gaya wa 'yan wasansa cewa a farkon fim ba a nuna dodo, ƙofa ake nunawa. Sai dai yau ba aiki ya kawo shi unguwar Maamobi ba. Ya zo gaida Alhaji Moro ne, tsohon ɗan sanda, mahaifin Hamdia da yake son aura. Saƙon da ta kawo masa gajere ne: "Baba ya ce ka zo bayan La'asar. Kai kaɗai, ban da kawunnanka."

Ya gyara riƙon ƙullin goronsa, ya shiga.

A waje lungun ya cika da hayaniya, yaran motocin haya na trotro suna kiran fasinja, mai waakye, wato shinkafa da wake, tana faɗa da wani a kan miya. Yana taka zaure sai duk ta yanke, kamar an cire wa duniya batir. Takalma ne jere a bakin ɗakuna, manya da ƙanana, amma ko tarin mutum ɗaya bai ji ba. Famfo kawai ke ɗiga cikin bokiti.

"Shiru kafin ƙara," in ji zuciyarsa. Shi ma haka yake yi: ya kashe kiɗa, ya bar ɗan kallo da bugun ƙirjinsa. Ya so ya yi dariya, dariyar ta ƙi fitowa.

Hanyar da ta nufi ɗakin Alhaji doguwa ce, ga ƙunci. Ya kai rabinta sai ya ji a ƙeyarsa cewa ana binsa, daidai yadda yake bin 'yar wasa da kyamara daga baya don mai kallo ya zama shi ne mai farauta. Ya waiga da sauri. Labule ne kawai yake motsi.

Can sai ga wata ƙara daga gaba. Ƙarfe a kan dutse, ja, a tsaya, ja.

An rufe tagogin ɗakin da zannuwa, da sauran rana amma duhu. Fitila ɗaya ce a ƙasa. Alhaji yana zaune a kujera ya ba ƙofa baya, inuwarsa ta hau bango har rufi, tana wasa wuƙa.

Fawaz ya durƙusa. "Baba, ina wuni."

Ja, a tsaya, ja.

"Baba, ni ne Fawaz. Na zo gaisuwa."

Wuƙar ta tsaya. Muryar da ta fito a hankali take, ba ko ɗigon fushi, abin da ya fi tsawa tsoratarwa. "Kai ne mai fim?"

Nan fa Fawaz ya ga aurensa yana lilo. Zai iya cewa gyaran waya yake yi, ai yana taɓawa. Amma mutumin da ya shekara da shekaru yana tatsar gaskiya daga bakin ɓarayi ba zai sha wahala da shi ba.

"Ni ne, Baba."

"Ka tsorata 'ya'yan mutane, ka hana su barci."

"Suna so ne, Baba. Wallahi su suke roƙo."

Kujerar ta fara juyowa, kaɗan-kaɗan, tana cinye masa rai. Hasken ƙasa ya kama haɓar tsohon da ƙasan hancinsa, ya bar idanun a rami. Duk da gumin da ke bin bayansa, wani ɓangare na Fawaz sai da ya yaba: ko shi bai taɓa ajiye fitila daidai haka ba.

Kwatsam wani abu ya faɗo a tsakar gida, ƙwal! Fawaz ya zabura ya juya. Murfin tukunya ne yake juyi a kan siminti. Ya sauke numfashi, kuma yana saukewa ya tuna ƙa'idar: tsoron ƙarya ake fara jefowa, don mutum ya saki jiki. Na gaskiyar yana biye.

Sanin bai amfane shi da komai ba. Yana juyowa ya tarar da fuskar Alhaji dab da tasa, numfashi a kunnensa.

"Ka ji tsoro?"

Ihun da Fawaz ya kurma har mai waakye ta ji. Goro ya watse, hularsa ta yi gabas, shi kuma ya sami kansa a bayan ƙofa yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta cin abinci. Shi ke nan, ya gaya wa kansa. Wane ɗan sanda zai ba matsoraci 'yarsa?

Sai aka yaye zannuwan tagogi. Ga Hamdia da igiyar ƙofa a hannu, dariya ta hana ta tsayuwa. Ga mahaifiyarta riƙe da tukunya marar murfi. Alhaji Moro kuwa ya ajiye wuƙar yanka lemonsa, ya goge tafin hannu a riga, yana kallon Fawaz kamar ɗalibi a gaban malami.

"Zancen aure ai mun gama da kawunnanka tun jiya," ya ce. "Hamdia ta ce kana neman tsohon da zai fito a mugu a sabon fim ɗinka. To, darakta, na ci, ko in sake daga farko?"