Ƙwan Tsinke

Hoton da aka haska a bango shi ya sa Malamar aji uku ta ajiye bironta. Yarinya ce aka rufe wa fuska, an bar gashinta da ya yi ja-ja kamar gemun masara, da tsaga a kusurwar baki, da damtse kamar mariƙin cokali.

"Wannan ba lalaci ba ne," in ji mai horas da su, wadda aka laƙaba wa Madam Sinadari saboda ba ta iya kai ƙarshen magana ba ta ambaci kalmar ba. "In yaro na gyangyaɗi a aji, ku leƙa kwanonsa kafin ku ɗauki bulala."

Kwas ne na ƙarin ilimi kan abincin yara, ana yinsa duk Asabar, an haɗa malamai da masu girki har da mai gadi. Malama ta zo ne don takardar shaida. Ga shi tun a zaman farko ta kasa ɗaga kai.

Akwai irin wannan gashin a ajinta, a bencin ƙarshe kusa da taga. Tsinke 'yan aji ke kiran yarinyar. Ita kanta Malama, wata rana da haushi ya ɗebe ta, ta kira ta haka, aji ya kwashe da dariya. Tsayuwa a rana kuwa saboda barci, ba ta san iyakar wadda ta sa ta ba.

Ranar Litinin ta kafa kujera a bakin aji lokacin tara. Makarantar na ba kowane yaro shinkafa da dafaffen ƙwai guda. Tsinke ta share shinkafar kamar ana korarta. Ƙwan kuma ta naɗe shi a hankici, ta tura can ƙasan jaka. Ana buga ƙararrawar tashi ta riga kowa fita, da gudu.

"Yau kika sani?" in ji Malamin lissafi a ɗakin malamai, yana dariya. "Musanya suke yi da alewa a bakin ƙofa. Kasuwa ce mai zaman kanta, Malama, saura su buɗe reshe."

Ita ba ta yi dariya ba. Ta taɓa zaluntar yarinyar nan da rashin sani. Yanzu da ta sani, ba za ta zuba ido alewa ta cinye ta ba. Washegari ta kafa doka: babu mai tashi sai ta ga ɓawon ƙwansa a kan tebur.

"Malama, na ƙoshi. A gida zan ci."

"A nan za ki ci, 'yata. In kina ajin nan ni ce uwarki."

Tsinke ta ɓare ƙwan a hankali. Ta ware gwaiduwar, ta murje ta da babban yatsa a tafin hannu har ta yi laushi, ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ci, hawaye na gangarowa. Malama ta kau da kai. Abin ya taɓa ta, amma ta ce wa zuciyarta kukan alewa ne, zai wuce.

Kullum haka. Kuma aikin ya yi kyau, har ya ba ta mamaki. Kumatu suka fara fitowa, gashi ya fara duhu daga tushe, tsagar baki ta rufe. Wata rana ma Tsinke ta ɗaga hannu ta ba da amsa. Gudun tashi ma ta daina. Yanzu sai ta tsaya share allo, ta yi ta jan ƙafa kafin ta kama hanyar gida. Malama ta ce a ranta, ai ga shi har ta fara son makaranta.

Da ta ba da labarin a wajen kwas, aka tafa mata. Madam Sinadari ta rungume ta, ta ce wa sauran, "Kun ga abin da sinadarin gina jiki ke yi in ya samu malama mai zuciya?" A ranar ne dutsen da ke danne a ƙirjinta ya ɗan ɗaga.

A makon ƙarshe na kwas ɗin bencin taga ya zauna babu kowa. Ta yi niyyar aikawa a ji ko lafiya, shirin kammala kwas ya sha kanta.

Darasin ƙarshe a asibiti aka yi shi, a ɗakin yaran da tamowa ta kama. Aka ba kowa tef ɗin awon damtse mai launi uku: kore lafiya, rawaya hattara, ja haɗari. Gadon da ya faɗo wa Malama na wani yaro ne da ba a daɗe da yaye shi ba, ƙafafu a kumbure, idanu a buɗe amma ba ya kallon komai. Uwarsa na zaune a gefe, ita ma iska za ta iya ɗauka. Wata yarinya ta kifa fuska a bakin katifa tana barci.

Malama ta zagaya tef ɗin a damtsen yaron. Ja, can ciki.

"Yi mata tambayoyin da muka koya," in ji Madam Sinadari.

"Sannu, 'yar'uwa. Me yake ci a gida?"

"Gari ne, in an samu, in dama masa da ruwa. Tun da babansu ya kwanta ciwo haka muke."

"Amma da ba haka yake ba ko?"

"Wa? Wannan? Da har tsokanarsa ake, ana ce masa Buhu." Ta ɗan yi murmushi, ta shafa kan mai barcin. "Ke, tashi ki gaida baƙi."

Yarinyar ta ɗago. Kumatu cike, gashi baƙi daga tushe. Tsinke ce.

Madam Sinadari na tsaye a kanta, sai bakin Malama ya ƙarasa tambayar da kansa: "Tun yaushe ya fara ramewa?"

"Tun ranar da malamar wannan ta hana ta kawo masa ƙwan makaranta."