Ƙullin Bakin Buhu

Tasi'u ya nutsa hannu cikin baƙin ruwan kwalbati ya jawo, sai ga wani buhun yashi, bakinsa a ɗaure tam. Jiya-jiyan nan samari suka yashe wurin har ana ganin siminti. Yau ya toshe kamar ba a taɓa shi ba.

Shi ne jami'in matasa da ƙaramar hukuma ta turo Kwarin Giginya, wata unguwa a gefen Dutse kan hanyar Kiyawa, wadda ruwan duwatsu ke ratsawa duk damina. Da aka ce an buɗe asusun farfaɗo da unguwanni, kuma guda ɗaya tak za a zaɓa, sai ya ɗauki abin da zafi. Ya tattaro samarin da ke zaman bakin titi ya sa su aikin gayya duk Asabar. A ganinsa, mai ba da tallafi zai fi son mutanen da suka fara taimakon kansu. Bawan Allah, bai ma tambayi kowa ba.

Kansilan mazaɓar, Alhaji Mailafiya, yana mara masa baya. Abokin marigayi mahaifin Tasi'u ne, shi ya yi masa hanyar aikin, kuma har yau bai fasa aiko wa mahaifiyarsa man shanu daga rugar danginsa ba. Yakan zo wurin gayya da babbar riga, ya riƙe shebur a baibai a ɗauke shi hoto, samari suna ƙunshe dariya.

"Yi aikinka, ɗana," yakan ce. "Sauran ka bar mini."

Amma duk yasar da aka yi, kafin a kwana biyu buhuna sun dawo. Wani dattijo ne ya duba ɗaurin ya ce ƙullin dangwali ne, irin wanda makiyaya ke yi wa igiyar 'yan maruƙa. Nan take idanu suka koma kan Mu'az, don a duk ƙungiyar shi kaɗai ya taso a ruga. Ya shigo gari ne bayan shanunsu sun ƙare, kuma a ajin walda na cibiyar matasa babu mai hannunsa.

Mu'az ya tsuguna ya juya buhun.

"Yallaɓai, na dangwali ne, ban musa ba. Amma dubi hancin igiyar, hagu ya kalla. Bahago ne ya ɗaura wannan. Ni kuwa da dama nake komai."

Samari suka kwashe da dariya, wai har ƙulli ma ya zama yana da hagu da dama. Tasi'u ya kashe maganar, amma ta kwana a ransa.

Ranar wata Laraba da la'asar aka sheƙa ruwa. Kwalbatin ya ƙi karɓa, ruwan ya juyo cikin gidaje, ya ci ɗakin Dada, tsohuwar da ke kawo wa 'yan gayya kunun zaƙi ba ta karɓar ko sisi. Da ƙyar aka zaro ta, ƙafarta a karye. Unguwa ta ɗauki zafi, kowa sunan Mu'az yake kira.

Tasi'u ya je wurin kansila kamar zai yi kuka.

"Baffa, yaya zan yi?"

Alhaji Mailafiya ya kawar da kai. "Ina tausayin yaron nan. Amma idan ba ka cire shi ba, sauran za su watse maka."

Washegari, a gaban kowa, Tasi'u ya karɓe gilashin walda daga hannun Mu'az ya ce kada ya sake taka cibiyar. Mu'az ya dai kalle shi, irin kallon da ya fi zagi ciwo. Daga baya aka ce an gan shi a tasha ya hau motar Kudu.

A wannan makon masu duba unguwanni da asusun ya turo suka iso. Suka ɗauki hoton ɗakin Dada da ya rushe, da taɓon da ya shafe layuka, Tasi'u na biye da su ya kasa ɗaga kai don kunya. Tun daga nan buhuna ba su sake dawowa ba. Ya ce a ransa to ga shaida nan, mai yi ya tafi. Takaicinsa ɗaya, yaron da ya fi yarda da shi ne ya ci amanarsa.

Sai ga labari, wai Kwarin Giginya ce ta ci.

Ranar bikin aka kafa rumfuna a filin cibiyar, aka zaunar da Dada a gaba da sandarta. Shugabar masu dubawa ta karɓi lasifika ta ce ƙa'idar asusun a fili take tun farko, kuma kowane kansila ya san ta: unguwar da ta fi lalacewa ita ake bai wa. Sun zaga ko'ina, ba su ga inda ya kai nan ba. Aka ɗauki tafi. Tasi'u ya tuna buhunan nan, ya juya yana neman idon Baffansa.

Daidai nan iskar hadari ta taso ta fizge igiyar rumfar da ke kan Dada. Tasi'u ya ruga ya rungume ƙarfen rumfar. Kafin samari su motsa, Alhaji Mailafiya ya naɗe hannun babbar riga, ya cafe igiyar, ya murɗa ya zarge cikin ƙiftawar ido, ya koma kujerarsa ana yi masa kirari.

Tasi'u ya sunkuya ya duba ɗaurin. Ƙullin dangwali ne, hancinsa yana kallon hagu.